Mirtis a Bakin Marmaro

A tsaunukan Arkadiya aka binne cibiyata,
ban taɓa ganin teku ba.
Ruwan da na sani shi ne wannan marmaron
da ke ɓulɓulowa a gindin ɓauren kakana,
mai sanyin da ke kashe haƙori ko da tsakar rani.

Kakata ce ta gaya mini, tana kaɗin ulu:
duniya faifai ce, yarinya,
Okeyanos ne ɗinkin bakinta.
Kogi ne marar mafari, marar mashiga,
yana bin bayan kansa tun kafin a raɗa wa alloli suna.
Tsoho ne mai ƙahon bijimi, gemunsa na ɗiga.
Matarsa Tetis ta haifa masa mata dubu uku,
maza dubu uku,
kowace rijiya tasa ce, kowane rafi ɗansa ne,
a wurinsa rana ke wanka kafin ta leƙo mu.
Na ce, har wannan namu da akuya ke tsallakewa?
Ta ce, auta ce. Ki riƙa gaishe ta.

Ɗana Lamfon bai gaji kiwo ba.
Tumaki na gabas, idonsa na yamma.
Shekara tara ke nan da ya gangara
ya bi jirgin fataken kuza,
da mayafin da ban gama yi wa geza ba.

Bara, lokacin girbin zaitun, Dorkon ya dawo,
abokin tafiyarsa, babu yatsu biyu a hagu.
Na ba shi gurasa da cuku, na bari ya haɗiye.
Ya ce, Inna, na gan shi da idona,
can bayan Gadir, bayan duwatsun nan biyu
da ƙasa ta ƙare a kansu.
Babu ƙaho. Babu gemu.
Ruwa ne ruwan toka, gishirinsa har maƙogwaro,
ba a hango ɗaya gaɓar.
Sau biyu a yini yakan ja da baya
ya bar jirage kwance cikin laka kamar shanu na tuƙa,
sau biyu ya dawo ya tashe su.
Romawan cikinmu ma sunan nan suke kira,
Okeyanus, bakinsu ya ɗan lanƙwasa wutsiyarsa,
suna tsiyaya masa giya, hannu na rawa.

Na ce, Lamfon fa?

Ya daɗe yana duban ɓawon gurasa.
Ya ce, ya hau wani jirgin da ya yi arewa.
Ban ga nutsewarsa ba.
Ban ga dawowarsa ba.

Mutanen ƙauye sun ce in yanke gashina,
in zuba madara a kan kabarin da ba kowa ciki.
Ban yanke ba.
Dorkon ya je neman ƙaho bai samu ba,
amma da bakinsa ya faɗa:
abin yana ja, yana saki, sau biyu kullum.
Ni da na kwana gefen tsoho shekara talatin
na san numfashin mai barci in na ji labarinsa.
Kuma wanda ya haifi dubu shida
ya san zafin ɗaya.

Shi ya sa da asuba nake zuwa wurin autarsa.
In durƙusa, gwiwa na ƙara,
in saki zare ɗaya na gezar nan a kan ruwa,
in ce, kai wa babanki, ya san mai shi.
Hanya da nisa, na sani.
Wanda ya zagaye duniya ba ya sauri.

Shekaranjiya na kamfaci ruwan na kurɓa,
sai na ji gishiri-gishiri a harshe.
Surukata ta ce hannuna ne,
wai na manta na shafe cuku da gishiri kafin in fito.
Wataƙila.
Yau dai na wanke hannu sau uku tun daga gida.